Aikin da Ya Rufe Bakin Autata

Matso kusa, ga tabarma, ka ji yadda ni da duk unguwarmu a Bodinga aka sani da surutu na haifi ɗiya mai riƙe baki.

Autata ce. Da ta gama difloma ta nemi aiki a wani asibitin kuɗi a Shagari, ofishin kula da ma'aikata. Ni karatuna bai wuce allo ba, amma kunnena ba ya barin komai ya wuce. Ina tankaɗe a tsakar gida ina jin ta tana bitar abin da za a tambaye ta: iya kwamfuta, sanin dokar aiki, haƙuri da jama'a, riƙe sirri. Aka kuwa ɗauke ta.

Ana gab da yafa irin albasa, aminiyata da katanga ɗaya ta raba mu ta shigo hankali tashe. Mijinta ne direban asibitin, an kuma ce za a mai da wasu ma'aikata sabon reshe, can nesa. In da shi ciki, wa zai yi ban ruwa a fadamarsa? Ya yafa ko ya fasa?

Ta ce, "Ke ad da ɗiya cikin ofis. Jiyo muna."

Na bugi ƙirji.

Da auta ta dawo na aje mata dambun zogale, na bari ta kai loma.

"Auta, mi anka ce kan Babanki na maƙwabta?"

"Inna, dambun ga ya yi daɗi."

"Ba dambu nit tambaye ki ba. Kin sani?"

"Na sani, amma ba ni faɗi. In nif faɗa miki, kahin magariba masu Keke na tasha sun ji."

"Ja'ira! Uwar taki?"

Ta dafa gwiwata tana dariya. "Amanar mutane ta, Inna. Ki ce mishi ya taho ofis da kainai, haƙƙinai na a gaya mishi."

Na kai saƙon kamar mai kai gaisuwar mutuwa. Aminiyata ta ce, "Ɗiyar da nig goya?" Ta ja mayafi ta shige ɗaki. Daga ranar ko sallama ta kan katanga babu. Ni da ba na iya cin tuwo ban yi hira ba, har rama na yi.

Mijin dai ya je. Aka zaunar da shi, aka ce yana cikin masu tafiya, sai ya damƙa wa ƙanensa fadamar tun iri bai ɓaci ba.

Wata safiya sai ga aminiyata, wai aron rariya, alhali nata biyu ne rataye. Ta zauna, ta ce, "Halin ubanta ta ɗauko, Allah ji ƙan shi." Muka yi hira har rana ta take, ta tafi ta bar rariyar.

To kai, da kai ka haife ta, fushi za ka yi da ita ko ƙarin dambu za ka zuba mata?