Na Ƙone Takardun Gonarmu Don Neman Arziki

A shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira ina saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, akawu a wani kantin kayan gini kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Ni ne na farko a gidanmu da ya wuce firamare, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Biro uku nake jerawa a aljihun riga ko da ranar Lahadi ce, in na je ƙauyenmu can wajen Nok kuwa, sai in riƙa amsa gaisuwar tsofaffi da Turanci. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma girman kai kam na tara shi. Ba zan faɗi sunan kowa ba a wannan wasiƙa, ba don sun cancanci rufin asiri ba, sai don mahaifiyata tana raye, kuma ƙauye ɗaya take kwana da ɗayansu. Mutum uku nake jin haushinsu har gobe, na ukun kuwa ni ne.

Karatun da nake taƙama da shi, gona ce ta biya shi. Mahaifina yana da gonar citta a gefen rafi wadda ya gada, ita ce cinmu, ita ce suturarmu. Da na ci jarrabawar shiga sakandare sai ya jinginar da ita wurin wansa, uba ɗaya, wanda muke kira Kawu. A gaban dagaci aka rubuta takardar, aka sa sharaɗin cewa in damina bakwai ta wuce ba a fanshe ta ba, gona ta zama ta Kawu. Kawu ya riƙe wannan takarda. Mahaifina ya koma ƙwadago a gonakin mutane, Mama tana fere citta tana shanya wa masu kuɗi, duk shekara su tara abin da ya samu su kai. Da yake abin cikin gida ne, ba a kiran shaida. Mahaifina dai ya koyi rubutu a ajin karatun Littafi Mai Tsarki, sai ya yago fallen littafin makaranta ya rubuta abin da ya kai, Kawu ya tsoma babban yatsa a bular wanki ya dangwala. Sau bakwai aka yi haka. Na bakwai, wanda ya cike bashin, an yi shi ne a farkon daminar shekarar da naira ta fito, aka tsaya a kan Kawu zai haƙe cittar da ya riga ya shuka, bayan Kirsimeti ya miƙa gona. Mahaifina bai ga wannan rana ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin gero ya nuna.

Bayan an watse daga zaman makoki Mama ta kira ni ɗaki, ta ciro wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa, an ɗaure shi da tsumma. Ta ce in tafi da shi Kafanchan, don ɗakinta na ciyawa ne, ga gara ga gobara, ni kuwa ina ɗakin kwano, kuma ni ne mai ido a gidan, wato mai karatu. Ta ce duk wahalar ubana tana ciki. Na karɓa da yatsa biyu don kada ya ɓata mini farar riga, na cusa shi a ƙasan jaka.

A wannan lokacin ne wani mutum ya sauka a garin, wai daga Ikko, da kwat da jakar hannu da ƙamshin turare. Fayil-fayil yake sayarwa, irin na kwali masu launi, amma da wa'azi yake haɗawa. Kullum da yamma yana zaune a wani shagon shayi, mu samarin akawu da malaman makaranta mun kewaye shi kamar ƙudaje. Koyarwarsa ita ce arziki baƙo ne mai son tsafta, ba ya shiga ɗakin da takardun kuɗi ke warwatse. Ya ce mutum ya sayi fayil uku: kore na abin da ke shigowa, shuɗi na abin da aka mallaka, ja na abin da ake buri. Duk wata takardar bashi ko ta wahala kuma, musamman wadda aka rubuta da tsohon kuɗi, a ƙone ta, don muddin tana ɗaki tana kiran talauci ya dawo. Wai fam ya mutu, a binne shi da takardunsa. Yakan haɗa da ayoyi yana karkata su yadda ya ga dama, mu kuma muna gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa mai sirrin arziki yake kwana a ɗakin haya na sule biyar, yana cin bashin shayi. Allah wadaran wannan mutum. Ban san inda yake yanzu ba, amma in yana karanta wannan, ya sani ban yafe ba.

Na sayi fayil ukun da kuɗin da ya kamata in aika wa Mama. Wata Asabar da rana na share ɗaki, na baje duk takarduna a kan tabarma. Rasit ɗin rediyo da na keke suka shiga shuɗi, takardun albashi da littafin ajiyata suka shiga kore, a ja kuma na sa hoton wata mota da na yanko daga jarida. Sai na tuna da gwangwani. Da na buɗe, warin hayaƙi da daddawa ya buge ni. Akwai tsofaffin takardun haraji, da katin baftismar mahaifina, sai falle bakwai naɗe cikin ganyen leda, rubutu a karkace kamar tafiyar kaza, kowanne da tambarin yatsa shuɗi. Kada mai karatu ya ɗauka ban san mene ne ba. Na sani sarai, na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ji kunya ce, kunyar cewa karatuna na bashi ne, kuma ga shaidarsa a ɗakina. Na ce a raina ai an biya, abin da aka biya kuwa me za a yi da takardarsa? Ga su da fam da sule, daidai irin waɗanda aka ce suna kiran tsiya. Na ware katin baftisma, sauran na kai bayan ɗaki na ƙyasta ashana. Ko minti biyu ba su yi ba. Na tsaya ina kallon toka ina jin wai na sauke wa gidanmu kaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa har wuya na sa shi.

Da a nan na tsaya, da wataƙila Kawu ya miƙa gona cikin tsoron takardun da yake zaton suna nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Ranar Kirsimeti, bayan an fito sujada, dangi suka taru a tsakar gidan Kawu ana cin tuwon acca da shinkafa, samari na ta rawa a waje. Na ga taro ya yi, na ce bari in raba musu ilimi. Na miƙe na kwashe koyarwar mai fayil kaf na zazzage musu, har da cewa abin da ya hana ƙauyenmu ci gaba shi ne ɓoye tsummokaran takardu a ƙarƙashin gado. Don su san ba da baki kawai nake yi ba, na ce ni kaina na ƙone duk takardun bashin gidanmu. Mama tana can wajen murhu, ba ta ji ba. Kawu, wanda dattijon ikilisiya ne, shi ya yi mana addu'ar abinci ma a ranar, ya ajiye ƙwaryar kununsa a hankali ya dube ni.

"Duka ka ƙone, yarona?"

"Duka, Kawu. Ko ɗaya ban bari ba."

Ya yi murmushi, ya ce lalle karatu abu ne mai kyau, ya sa aka ƙaro mini nama. Ni kuwa, jakin duniya, na ci ina jin daɗi an yaba mini.

Bayan sati uku aka gama haƙar citta, Mama ta je da goro da kaza don a miƙa mata gona kamar yadda aka yi alkawari. Kawu ya karɓi kazar, sannan ya tambaye ta wace gona. Ya ce shi dai ya san ƙaninsa ya kawo masa ɗan abin da ba a rasa ba sau ɗaya ko sau biyu, na gaisuwa, amma fansa kam bai ga ko kwabo ba, damina bakwai kuma ta cika. Mama ta aiko a kira ni, ta ce in zo da gwangwani. Na hau mota da shi babu komai ciki sai katin baftisma, na kuma ɗauko fayil ɗina uku, don har lokacin ina ganin in dagaci ya ga tsarina zai san da mai ilimi yake magana. Ban iya gaya wa Mama a gida ba. A gaban dagaci da dattawa ta ji, daga bakin Kawu, wanda ya kira mutum biyar da suka ji ni da kunnensu ranar Kirsimeti. Ya ce in da takardun gaskiya ne, wa zai ƙone su? Sannan ya zaro wani guntun gora daga aljihu, ya cire toshiyar tsumma, ya fito da takardar jingina lafiya lau, ko gara ba ta taɓa ta ba. Mutumin da bai san bihim ba ya adana tasa shekara bakwai a cikin rufin ɗaki, ni mai biro uku wata huɗu kacal aka ba ni ajiya.

Dagaci ya san gaskiya, kowa a wurin ya san gaskiya, don duk ƙauyen sun ga mahaifina yana ƙwadago har ƙirjinsa ya lalace. Ya roƙi Kawu ya dubi zumunci da marayu. Kawu ya ce a kawo Littafi, ya ɗora hannun nan da ya dangwala sau bakwai, ya rantse. Daga nan ba abin da dagaci zai iya yi. Na buɗe fayil shuɗi ina inda-inda, wai in nuna ni ba mai wasa da takarda ba ne, wani dattijo ya leƙa ya tambaya ko rasit ɗin rediyo ana shuka citta a kansa. Aka yi dariya. Na kai ƙara kotu daga baya, na sayar da keken da rediyon, can ma tambaya ɗaya aka yi mini, wai ina shaidata.

Ranar da muka fito daga wurin dagaci Mama ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Muna tafe a hanyar da ta bi ta gefen rafi, ta tsaya daidai gonar ta dube ta, sannan ta juyo.

"Gwangwani fa? Shi ma ka ƙone?"

Na ce a'a, na miƙa mata. Ta buɗe, ta ga katin, ta rufe.

"To, ba ni abina. Ubanka ya sayar da ƙarfinsa ya saya maka ido, ashe ido ɗin bai gani."

Shekara shida ke nan. Mai fayil ya gudu da bashin mai shayi tun kafin Ista. Kawu ya yi rufin kwano da kuɗin cittar gonarmu, har yau yana zama a kujerar gaba a majami'a, shi ke zagawa da kwanon baiko. Fasto ya zaunar da ni sau biyu a kan gafara, na ce masa na ji, amma tuba ake fara yi, kuma ban ga alamarta ba. In na je gida ba na taka ƙofarsa, in mun haɗu a hanya sai in dubi daji. Arzikin da aka ce zai shigo ɗakina bai zo ba, fayil ɗin ma gara ta cinye su a damina ta biyu. Duk wata ina aika wa Mama abin da zan iya, tana karɓa, amma ta ƙi daina fita fere citta a gidajen mutane, ta ce hannunta ya saba. Na roƙe ta ta dawo Kafanchan ta ce ba ta barin kabarin mijinta.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, tsara takardu ba laifi ba ne, amma ba ya kiran arziki, kuma takarda ba ta kiran tsiya. Aikinta ɗaya ne, ta yi magana ranar da mai ita ya mutu ko aka ƙaryata shi. Takardar bashin da aka biya ta fi ta bashin da ba a biya ba daraja, don ita kaɗai ke tsakaninka da maƙaryaci, ko da kuwa ɗan'uwan ubanka ne mai riƙe da Littafi. Duk wanda ya zo muku da kwat yana cewa ku ƙone wani abu don ku yi kuɗi, ku tambaye shi nasa kuɗin tukuna. Ku samari masu karatu, in tsohuwa ta ba ku ajiyar abin da ke warin hayaƙi, ku riƙe shi da hannu biyu, kuma ku kame bakinku a taron dangi. Gwangwanin yana nan a ƙarƙashin gadon Mama. Wasiƙun da nake aika mata take tarawa a ciki, da rasit ɗin kowane kuɗin da na tura, amma ko sau ɗaya ba ta sake ba ni shi in riƙe ba.