Ranar da Na Kira Mahauta da Gangar Jawa

Ni fa ba da son raina aka saka ni a maganar nan ba, shi ya sa har yau ranar ba ta fita a raina ba. Ku sababbi kun san aikina a wurin bikin nan na unguwar Zahir, nan ƙasa mai tsarki: in zuba gahwa, in miƙa dabino, in yi gaba. Ko ɗaure ganga ban iya ba.

Walimar wasu Jawa ce, mutanen Indonesiya. Sun zo da makaɗansu na rebana, wata ganga mai baki ɗaya kamar bandirinmu. Sai ɗaya a cikinsu ya kwanta zazzaɓi. Mudir, wato shugaban wurin, ya dube ni ya ce ai ku Takari, wato mu baƙaƙen fata mazauna nan, kiɗa a jininku yake, in ajiye buta in karɓi ganga. Na rantse ban iya ba. Ya ce ko ganga ko ƙofa. Ni kuma aikin nan shi ke riƙe da ni da tsohuwata.

Babban makaɗan, Ammu Hasan, ya yi min bayani da Larabcin da rabinsa ya tsaya a hancinsa. Na gyaɗa kai kawai. Ashe su ba a buga tare: in ya buga, kai sai ka cike gurbin da ya bari. Ni kuma na san amshi, abin da babba ya yi shi za ka yi. Ya buga, na buga. Ya harare ni, na ɗauka ƙarfi ne bai isa ba, na ƙara. Ya girgiza kai, na zaci daɗi yake ji.

Da na rikice gaba ɗaya, sai hannuna ya koma kiɗa ɗaya tak da na sani, wanda wani maƙwabcinmu a unguwar Nakkasa yake yi da kalangu in Layya ta zo. Ban taɓa tambayar na su waye ba. Ashe kiɗan mahauta ne, kuma mahauci ba ya jin sa ya zauna.

Ƙofar kicin ta buɗe. Sai ga Baba Audu, babban mahaucinmu, da mutanensa, wuƙaƙe a sama, riguna duk jini, suna taku suna kirari. Jawa suka dare. Wani dattijo ya haye kujera yana salati, ango ya laɓe bayan labule. Ammu Hasan kuwa bai daina bugu ba, ido a rufe, wai sai yanzu na fara shiga gurbin. Ni ban san in tsaya ba ko in ci gaba.

Da ƙyar aka lallashi baƙi suka zauna cin abinci. Mudir ya ja ni kicin yana kumfar baki, ya ce halas, wato shi ke nan, in tuɓe rigar aiki. Na ce ai shi ya ce in buga abin da ke jinina. Ya ce in rufe masa baki.

Abin da ya sa har yau butar nan take hannuna, Baba Audu ne. Yana goge wuƙarsa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce: "Ya mudir, shekara da shekaru muna garin nan ba wanda ya kira mu sai yaron nan. In ya fita, mun bi shi. Ragunan gobe kuma sai ka ba su ganga su yanka kansu."