Babban Fiffike a Kan Ƙaramin Allo

Daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni karin kumallo, ga shi har azahar ta wuce yana nan zaune a ƙirjina. Na san an hore mu kada mu riƙa yaɗa mummunan mafarki. To ni ban san ko mummuna ba ne ko gargaɗi, shi ya sa na kawo muku shi nan, ko Allah zai sa a samu mai fahimta a cikinku.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san haukata, amma saboda baƙi bari in yi bayani. Ni malamin makaranta ne, kuma bayan iyalina babu abin da nake so a duniya kamar hawa allon iska a dam ɗin garinmu. Allo ne dogo kamar ƙyauren ɗaki, an kafa masa sanda a tsakiya, a jikin sandar akwai wani zane mai ƙarfi da muke kira fiffike. Kana tsaye a kan allon, ka riƙe mariƙin fiffiken da hannu biyu, iska ta ja ka a kan ruwa. Ba inji, ba fetur. Mu 'yan tsiraru ne masu yi, mutanen gari kuwa tuni suka yanke hukuncin cewa aljanun ruwa ne suka shafe mu. Marigayi Injiniya Garba ne ya koya mana, shi ya zo da kayan daga ƙasar da ya yi karatu.

Bara, bayan babbar sallah, hawan jini ya buge ni, ɓarin hagu ya shanye. Alhamdulillahi ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, har ina shiga aji. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗagawa amma ba ya riƙo, ko kofin shayi sai na tallafa masa da dama. Tun daga lokacin ban sake taka allo ba. Ranar Asabar mai zuwa abokina Lawandi zai zo da motarsa, ya ce in zaɓi ɗaya: ko ya kawo mini faffaɗan allon 'yan koyo da ƙaramin fiffike mu gwada a bakin gaɓa, ko ya kwashe kayana daga zaure ya kai wa masu lafiya, tunda matata Rabi ta ce ganinsu kullum shi ke ƙara mini ciwo. Har yanzu ban zaɓa ba. Da wannan tunanin na kwanta.

Sai na gan ni a bakin dam da rana tsaka, amma babu abin da ke da inuwa, har da ni. Ruwan ya fi yadda na san shi faɗi, ba a hango tsaunukan da ke ƙetare. Kayana suna kwance a kan yashi, an riga an ɗaure komai. Da na duba sai na ga babban fiffikena ne, jan nan da nake ji da shi, wanda ake ɗaurawa ranar da iska ta yi lalaci, aka kafa shi a kan ƙaramin allona na ranar da iska ta haukace. Duk wanda ya ɗan daɗe a harkar nan ya san ba a haɗa su. Kowane allo da girman fiffiken da yake iya ɗauka. In ka ɗora babba a kan ƙarami, bayan allon zai nutse, 'yar wuƙar da ke ƙarƙashinsa mai hana shi zamewa ta kasa riƙe ruwa, ka yi ta tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa. Ni da bakina nake koya wa mutane wannan, kuma a cikin mafarkin ma ina sane. Amma sai na ce a raina, ai hannu ɗaya gare ni, gara in ɗauki babba ya yi mini aikin. Kun ji wauta. Na tura allon cikin ruwa na hau.

Wallahi da farko daɗi kamar in yi kuka. Iska ta cika fiffiken, allon ya ɗaga hanci ya fara gudu, ina jin ruwa yana kaɗawa a ƙarƙashin tafin ƙafata, irin ƙarar nan da na daɗe ban ji ba. Hannun hagu yana gaba, dafa mariƙin kawai ya yi, dama tana baya tana jan kaya. Na buɗe baki na yi ihu kamar yaro. Na ce ashe duk tsoro ne, ashe zaman banza na yi ta yi a zaure ina kallon bango.

Sai kawai na waiwaya na ga gaɓa ta yi nisa, kuma daga can iskar take busowa, daga wajen gida. Rabi tana tsaye ƙarƙashin darbejiyar da muke ajiye motoci, da mayafinta ruwan toka. Ba ta ɗaga mini hannu ba, ba ta kira ni ba.

Ga wanda bai sani ba, tafiya iska na bayanka ba gwaninta ba ce, ko ƙwarya ka jefa a ruwa za ta tafi. Dawowa ita ce aikin. Ba a tunkarar iska gaba da gaba, tsaida ka za ta yi cak. Sai dai ka kwantar da sandar baya kaɗan har hancin allo ya karkata wajenta, ka danna gefen allon da dugaduganka, ka miƙe hannuwa ka rataya nauyinka a kan mariƙi, idonka a kan inda za ka, ba a kan ƙafarka ba. Ka yi tafiya a karkace zuwa dama, ka juya, ka yi zuwa hagu, ka sake juyawa, kamar mai hawan tudu da kaya a ka. A kowane juyi hannuwa suna musayar aiki, na gaba ya koma baya. Na baya kuwa shi ke jan fiffike, shi ke riƙe iska. Ba a isa gida da karkata ɗaya.

Na kwantar da sandar, na zagaya ta gabanta yadda na saba, ƙafafuna suka yi komai daidai. Hagu ta koma baya. Na ce mata ja. Yatsun suka buɗe a hankali ina kallonsu, fiffiken ya buɗe kamar ƙofar da ba a sa wa sakata ba, ya kama kaɗawa a banza. Ban faɗi a ruwa ba, a mafarkin ba a faɗuwa. Tsayawa kawai na yi, iska tana tura ni baya. Na sake juyawa dama ta karɓi aiki, allon ya zabura, amma ba wajen gida ba, gefe yake yanka yana zamewa, bayansa a nutse. Na juya kuma, yatsu suka buɗe. Haka na yi ta yi ban san iyaka ba, kowane juyi darbejiyar tana ƙara ƙanƙancewa.

Sai kawai na ga Injiniya Garba a gefena. Yana zaune a kan farar kujerar robar nan tasa, kujerar a kan ruwa, ya naɗe ƙafar wando yana fere rake. Bai tsufa ba, bai kuma yi kama da wanda ya rasu ba. Ya dubi fiffiken, ya dubi allon, ya girgiza kai.

Ya ce, "Wa ya ɗaura maka wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ne ba lafiya."

Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Iska ba ta san kana da ciwo ba."

Na ce, "To yaya zan yi in koma?"

Da wuƙar hannunsa ya nuna bayana. Na juya sai ga faffaɗan allon 'yan koyo yana tahowa, wanda muke tsokana da suna tabarmar kaka, da ɗan fiffikensa ruwan ɗorawa da bai fi zanen goyo ba. Babu kowa a kansa. Shi kaɗai yake tafiya, a hankali, ya karkata dama, ya juya, ya karkata hagu, yana hawa iska ba gaggawa, ya nufi gaɓa. Ya zo ya gifta ta kusa da ni har ina ganin ƙujewar da gwiwoyin mutane suka yi masa. Taku ɗaya ne tsakaninmu. Amma kafin in taka sai na cika mariƙin da ke hannun damana, kuma shi kaɗai ne abin da nake riƙe da shi a duniyar nan gaba ɗaya. Ban cika ba. Zan so in ce muku girman kai ne ya hana ni, da abin ya zo da sauƙi, don girman kai ana ajiye shi. Tsoro ne. Na tuna cewa ko a kan tabarmar kaka sai an juya, in an juya kuma hagu ce za ta koma baya. Allon ya wuce ni. Da na waiwayo babu Injiniya, sai kujerar tana lilo a kan ruwa.

A ƙarshen dam ɗin, can inda iska take kai komai, akwai tungar masunta. Duk ɗan koyon da ya kasa dawowa can yake ƙarewa tare da robobi da karan masara, sai ya ɗora allonsa a ka ya dawo da ƙafa ta bakin ruwa. Matan da ke banda kifi a wurin sun saba da mu, da sun hango mutum sai su ce, "Iska ta kawo mana baƙo, a shimfiɗa masa tabarma!" Babu wanda bai sha wannan dariyar ba a cikinmu. A mafarkin da na hango hayaƙin bandarsu sai na ji sanyi a raina. Na ce to, ko ba komai zan sauka, su yi mini dariya iya son ransu, in taka ƙasa in tafi gida.

Sai kawai na ga tungar ma tana tafiya. Bukkokin, da tarun da aka shanya, da matan a tsugune gaban wuta, duk suna ja da baya daidai gudun da nake matsowa. Sun ɗago sun gan ni, na tabbata sun gan ni, amma ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa a cikinsu ma sai ta ja mayafi ta rufe bakinta, yadda ake yi in an zo wucewa da gawa. Wannan ya fi komai tsorata ni a mafarkin.

Daga nan ruwa ya fara hawa kan allon. Ya rufe idon sawuna, ya kai gwiwa, ba sanyi ba ɗumi. Fiffiken kuwa sai girma yake yi, ja wur, har ya tare rabin sama, nauyinsa duka a kan hannuna ɗaya. Kafaɗata kamar za ta cire. Rabi ta zama ɗan ɗigo a nesa, amma sai na ji muryarta dab da kunnena, a hankali, irin yadda take magana in ba ta so yara su ji.

Ta ce, "Malam, cika shi haka nan."

Na ce, "In cika in kama me?"

Na ƙara damƙewa. Ta sake cewa, "Malam, cika." Na ƙara damƙewa har ina jin mariƙin yana motsi a cikin tafina, yana da ɗumi, yana da ƙashi.

Na buɗe ido ana kiran sallar asuba. Rabi tana zaune a gefen gado ta sunkuyo kaina, ashe tashina ta zo yi. Wuyan hannunta ne a cikin hannun damana. Tana cewa, "Malam, cika mini hannu don Allah, kana ji mini ciwo." Hagu kuwa tana kan ƙirjina a buɗe, yadda na kwantar da ita. Na cika. Da hantsi na leƙa madafa na tarar tana shafa man zafi a wurin, shatin yatsuna ya fito raɗau a fatarta. Da ta gan ni sai ta ja hannun riga ta rufe, ta ce ko in dama maka kunu.

Ni dai ban ga alheri a mafarkin nan ba, ba zan ɓoye muku ba. Zuciyata ta riga ta karkata ga cewa ni da ruwa mun yi sallama, kuma ba ni kaɗai nake shan wahalar wannan riƙon ba. Amma abu ɗaya ya tsaya mini, shi nake roƙon masu sani su warware mini. Allon nan da ya gifta ta gabana babu kowa a kansa, ni aka aiko ya ɗauka na ƙi hawa, ko kuwa nuna mini aka yi cewa zai isa gaɓa lafiya ba tare da ni ba?