Hon ɗin Motar Baba

Jama'a, yau na sa Inna kuka ba da nufi ba!

Kun san doguwar motar Baba, 'yar Japan ɗin nan mai faffaɗan baya da yake kwaso buhunan wake da ita. Tun rasuwarsa bara take kwance a garejin Ilu bakanike a Dogon Dutsi. Yau a gyara radiyato, gobe a jira kaya daga Kamba. Har na fid da rai.

Da safe Ilu ya kira ni: "Zo ka ɗauki tsohuwarka, ta tashi!"

Murna kamar me! Na je na karɓo ta, na kamo hanyar garinmu Ɗan Kassari ban gaya wa kowa ba. Ina shan kwanar gidanmu sai ga amalanken jaki ya tare hanya. Na danna hon sau biyu. Wallahi na manta shaf haka Baba yake yi in ya dawo, don Inna ta san ya iso!

Sai ga Inna ta fito da sauri, ba takalmi, da kwanon ruwan sha na Baba a hannu. Tana cewa, "Maigida, sannu da hanya, sannu da..."

Ta leƙo ta taga. Ni ta gani.

Na ce, "Inna, ni ne, Sani."

Ta ce, "Na gani."

Ta miƙo mini ruwan, hawaye na zuba. "Sha. Amma don Allah, in za ka shigo da motar nan, shigo shiru."