Ranar da Na Ƙi Taɓa Ƙarfen Bitrus

A duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na tsaya a kan Bitrus, hannuwana a buɗe ƙarƙashin sandar ƙarfe, matarsa tana ihu in ɗauke, ni kuwa na ƙi. Tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin in ajiye aiki, to ku gyara zama. Masu latsa waya kuma ku kife ta, ba gudu za ta yi ba.

Ni a bayan wani gareji a Nyanya na fara ɗaga ƙarfe, lokacin da siminti muke zubawa a gwangwanin fenti, mu soka masa ƙarfen tsohuwar mota. Ku da kuka tarar da fanka da madubi ba ku san an sha wuya ba. Daga can aka ɗauke ni mataimakin koci a zauren horo na cikin gari, ɓangaren masu lalurar ƙafa. Tsarin wurin shi ne akwai babban koci, wanda kowa ke kira Oga, sai mu mataimaka biyu, sai masu loda faya-fayen ƙarfe a jikin sanda.

Don waɗanda ba su taɓa ganin gasar ba: ɗan wasa yakan kwanta rigingine a benci, a ɗaure masa ƙafafu da bel. Sai a miƙa masa sandar, ya sauke ta a ƙirji, ya dakata kaɗan, sannan ya tura ta sama har hannuwansa biyu su miƙe tare. Alƙalai uku ne ke kallo, kowa da fitila fara da ja. Farare biyu sun isa a ce ya ɗaga. Sau uku ake ba kowa dama. Mutumin da ke tsaye a saitin kansa shi ne sifota, wato mai tsaron ƙarfe. Aikinsa ya cafe sandar idan ta fara komawa ƙasa, ko babban alƙali ya ba da umarni, ko ɗan wasan da kansa ya nemi a ɗauke. In ba haka ba, ko da ɗan yatsa ya shafe ta, ɗagawar ta ɓaci.

Bitrus mutumin Kwali ne, shan inna ta kama shi tun yana rarrafe. Gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa. Daga can yake shigo mota ya zo horo, a ɗaure kekensa na hannu a saman bas, kuma ban taɓa jin ya ce ruwan sama ko cunkoson hanya ya hana shi ba. Daga ƙugu zuwa sama, kai, ba a magana! Tafin hannunsa duk kanta, riga kuwa sai an ɗinka masa. Irin mutanen nan ne da za ka ce musu yau hutu ne su kalle ka kamar ka zage su. Wake da ƙwai ne abincinsa, hirarsa ƙarfe, kuma zai iya yini yana musu da kai a kan rabin kilo. Ina tsokanarsa da cewa ranar da za a binne shi ma sai ya nemi a ƙara nauyin akwatin. Yakan yi dariya ya ce, “Koci Sale, in dai kai ne sifota, a ƙara.”

A shekarar da nake magana ya kusa arba’in, kuma kafaɗarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Sai aka sa ranar gwaji don zaɓen waɗanda za a tura sansanin horo na ƙasa, mutum ɗaya a kowane ajin nauyi. A ajinsu akwai Idi, wani saurayi ɗan Abaji da ƙarfi ke ƙara shigarsa kullum. Kowa ya san idan Bitrus bai samu a wannan karon ba, shi ke nan.

Wata Asabar ce cikin damina. Zauren ya cika, har da manyan baƙi a kujerun gaba. Kafin a fara, Oga ya ja ni gefe.

“Sale, kai za ka tsaya wa Bitrus. Ka san kafaɗar nan. Da ka ga ƙarfen ya tsaya, ɗauke. Kada ka jira alƙali.”

Na ce, “Oga, doka ai ba ta hana ƙarfe tsayawa ba, komawa ƙasa ta hana.”

Ya ce, “Ni ba doka nake gaya maka ba. Mutumin nan da hannu yake tafiya. In kafaɗar ta tafi, da me zai tura kekensa?”

Wallahi gaskiya ya faɗa.

Bitrus ya ɗaga na farko da na biyu lafiya. Idi kuwa a ɗagawarsa ta ƙarshe ya wuce shi da kilo biyu. Sai Bitrus ya nemi a loda masa nauyin da bai taɓa ɗagawa ba ko a wajen horo. Ina ɗaure masa bel yana shafa alli a hannu, ya kamo wuyan rigata ya jawo ni kusa.

“Na ga Oga ya yi maka magana. Koci, na roƙe ka da girman Allah, kada ka taɓa. In na kasa, ni zan faɗa da bakina.”

Na ce, “Bitrus, kafaɗarka fa?”

Ya ce, “Tawa ce ai.”

Na miƙa masa sandar, alƙali ya ba da izini. Ya sauke ta a ƙirji sumul, ya dakata, ya tura. Ta taso da kyau har rabin hanya, sai ta tsaya cak. Hannun dama yana son tafiya, na hagu yana karkarwa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka yi jajir. Na sa hannuwana a ƙarƙashin sandar, tsakanina da ita bai fi kaurin yatsa ba. Ta bayana ina jin Oga yana cewa, “Sale! Sale!” Daga cikin ’yan kallo kuma Maman Rahila, matar Bitrus, ta ƙwalla ihu: “Ku ɗauke masa! Za ku kashe mini miji!”

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma idona yana kan sandar, kuma ba ta koma ƙasa ba. Alƙali bai yi magana ba. Na dubi bakin Bitrus, haƙora a datse, bai ce komai ba. Sai na bar hannuwana a inda suke.

Ƙarfen ya ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan. Hannun dama ya miƙe, na hagu ya biyo shi a makare, har shi ma ya kai. Alƙali ya ce a karɓa, na cafe na mayar da ita mazauninta. Zauren ya kaure da tafi, har Idi yana dukan hannun kekensa. Sai fitilu suka kama: fara ɗaya, ja biyu. Hannuwan ba su miƙe tare ba, don haka ba a ƙirga ba. Idi aka zaɓa.

Da muka kwance bel ɗin, Bitrus ya kasa tashi zaune da kansa. Hannun hagu ya saki. A asibiti suka ce wata jijiya ce ta yage a kafaɗar, sai ya yi watanni bai mori hannun ba. Oga ya wanke ni tas a ofis, ya kuma cire ni daga tsaron ƙarfe a gasa har ƙarshen shekara. Ban yi musu ba. Abin da ya ce zai faru shi ne ya faru.

Bayan ’yan makonni na shiga mota na tafi Kwali duba shi. Na tarar da shi a tabarma ƙarƙashin mangwaro, hannu a rataye a wuya, kekensa a jingine kaji suna hawa. Maman Rahila ta kawo mini ruwa ta dire, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, “Koci, kai ka tsaya ka yi kallo, an tafa muku. Yanzu ni ne ina ɗauka shi zuwa bayi, ni ne ina ɗauka shi zuwa coci. Shago a rufe. Ka zo ka gani da idonka, ko?”

Na ce, “Na gani, Maman Rahila. Ki yi haƙuri.”

Ta juya ta shige ɗaki. Na rasa inda zan sa fuskata. Sai Bitrus ya ce in matso.

“Kada ka ga laifinta, ita ke shan wahalar. Amma bari in gaya maka abin da ban gaya mata ba. Tun da na yi wayo ake ɗaga ni. A ɗaga ni a sa a mota, a ɗaga ni a hau da ni bene. Ina cikin tura kekena a kan tudu, wani zai zo ta baya ya tura ni ko sallama babu, ya tafi yana jin ya samu lada. Ban taɓa fara abu mai wuya an bar ni na ga ƙarshensa ba. Ranar nan ce kaɗai mutum ya ga ina shan wuya, hannunsa yana kusa, ya bar ni na gama.”

Na ce, “Amma ai ja suka ba ka.”

Ya ce, “Jan ma nawa ne. Ni na ɗaga shi a karkace, ba wanda ya taya ni. Da ka taɓa, da har in mutu ina tambayar kaina ko zan iya.”

Ni da nake ganin ƙarfe ya busar mini da zuciya, ranar sai da na juya baya na share ido.

Kafaɗar ta warke daidai tura keke da riƙe sukudireba, amma bai sake shiga gasa ba.

To abin da na ɗauka daga wannan, ku masu tasowa, shi ne mutanen da ke kwanciya a bencin nan ba ƙirji suka zo ginawa ba kawai. Kowannensu akwai abin da yake son ya sani game da kansa, kuma a ƙarƙashin ƙarfe kaɗai yake samun amsa. Cafe sanda kowane ƙato zai iya, a mako ɗaya zan koya muku. Abin da ba zan iya koya muku ba shi ne lokacin da za ku bar ta, don ko kun cafe ko kun bari, akwai mai biya, kuma sau da yawa mai biyan ba shi ne yake kwance a bencin ba. Bitrus duk Kirsimeti sai ya aiko mini da doya. Maman Rahila kuwa har yau in na gaishe ta da ka take amsawa, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.