Malam Hambali Na Neman Magaji

Malam Hambali malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati tsakanin Kura da Bunkure, kuma shi kaɗai ne. Idan zazzaɓi ya kwantar da shi, to lissafi ma ya kwanta. Gajere ne, ga faɗa, ga son yara kamar me. Yana da 'yar gonar rani a bakin kanal ɗin ban ruwa, amma kowa ya san albasarsa ce mafi muni a layin, don makaranta ta cinye masa lokaci.

Duk shekara jami'a takan turo masa ɗalibai masu karatun lissafi da kimiyya daga Kano, su yi 'yan makonni suna koyon koyarwa. Yawancinsu, wallahi, ranar tafiya kawai suke jira. Shi kuwa kowanne ya gani sai ya ce a ransa, ko wannan zai dawo ya karɓi allon? Ritayarsa ta matso, kuma shugaban makaranta ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ranar da ya tafi babu magaji, za a rufe ajin kimiyya.

A 2005 aka turo Zaharaddini, ɗan birni, kai kamar wuƙa. Makonsa na farko ya sa gwaji ranar Laraba, ya shiga aji ya tarar babu kowa sai bencina. Ya fito yana huci, wai sifili zai ba kowa.

"Kai yaro, sassauta," in ji Malam Hambali. "Yau aka sako ruwa a layinsu. Wanda bai shayar da tumatirinsa yau ba sai wani makon, kafin nan kuwa ya ƙone. Wane uba ne zai bar maka ɗansa a benci? Kafin ka tsara darasi, ka fara tambayar ranar ruwa."

Zaharaddini bai yi musu ba. Ya mayar da darasin ranar ruwa zuwa bayan la'asar. Malam Hambali yakan zauna can baya ya harɗe, da ya ga Zaharaddini ya juya wa yara ƙeya ya daɗe sai ya jefo masa magana: "Malam, da allo kake hira?" Sannu a hankali yaron ya rage gudu, ya haddace sunayen ɗalibai, har 'yan matan da ba sa ɗaga kai suka fara ɗaga hannu. Malam Hambali ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya shiga aika masa da tuwon shinkafa, har ya fara yi masa cigiyar ɗakin haya a Kura a ɓoye.

Ranar da Dakta Ummulkhairi ta zo daga jami'a duba ɗalibinta, bakin Malam Hambali ya ƙi rufuwa. Ya raka ta har mota yana zuba: "Hajiya, tun da nake ban ga irinsa ba! Wannan ai malamin malamai ne." Ita dai tana ta gyaɗa kai.

Bayan ya gama bautar ƙasa sai ga Zaharaddini a kan acaɓa, da shadda a leda.

"Baba, godiya na zo yi. Jami'a ta riƙe ni, ni zan riƙa shirya masu fita koyarwa. Dakta ta ce shaidar da ka ba ta ce ta ja min."

Malam Hambali ya karɓi shaddar hannu biyu. "Madalla. Allah ya sa albarka." Da gaske yake addu'ar, amma baƙin ciki ya hana shi cin abinci ranar.

Ya yi ritaya a ƙarshen 2008, zango na gaba aka rufe ajin kimiyya. Da yaran suka zo gaishe shi a gona, suka tambaye shi yaushe Malam Zaharaddini zai dawo. Ya sunkuya yana gyara bakin ruwa, ya ce su gaida gida.