Sakan Huɗu

Shekarar da zan fita sakandare, ni na koya wa yayana Fizik, kuma ni na kayar da shi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ko zan samo mata wata fuska mai sauƙi, ban samu ba.

Ya girme ni da shekara uku. Sau biyu yana zana jarrabawar fita, sau biyu yana cin komai ban da Fizik, alhali sai da kiredit a cikinta za a ɗauke shi karatun injiniya da yake so a Kano. Da ya nemi a biya masa ta uku, Baba ya ce ya ji, amma daga wannan babu wata. In ya ci, ya tafi karatunsa. In bai ci ba, kawunmu da ke harkar acaba a Kudu ya riga ya ce a turo masa shi. Baba ba ya maimaita magana, duk gidan mun san haka. Aka yi masa rajista a wata makaranta a Ƙaraye, ni kuwa ina tamu ta 'yan mata a nan Rogo. Takarda ɗaya za mu rubuta, a rana ɗaya.

Makarantarmu ba ta da malamin Fizik tun muna aji biyar. An taɓa kawo mana wani ɗan bautar ƙasa, ya yi zango ɗaya, ya kai mu dokokin motsi, ya gama hidimarsa ya tafi. Daga nan sai malamin lissafi ke shigowa in ya samu sarari, ya cika allo da rubutu, mu kwafa, ya goge. Abin da muke da shi na gaske shi ne wani littafin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, 'yan aji shida ke bar wa na bayansu. Rabin littafin duk makaniks ne: mota ta taka birki, dutse ya faɗo, an ja akwati a kan gangare, an rataya kaya a ƙarshen sanda.

Ni kuma Allah ya ba ni hadda. Ina da izu talatin a ka kafin in shiga aji shida, kuma ba na ɓoye wa kowa. Shafi in na karanta sau biyu ya zauna. Da na lura tambayoyin nan suna maimaita kansu shekara bayan shekara, sai na ɗauki littafin na yi masa yadda muke yi a Islamiyya. Da safe ƙari, tambaya biyu da amsarsu layi bayan layi. Da yamma tilawa. A gwajin da aka yi mana na zo ta ɗaya a ajinmu, kaina ya ƙara girma.

Yaya ba haka yake ba. Da rana yana gyaran babura a wani gareji a bakin kasuwa, bayan la'asar ya dawo mu zauna a tsakar gida. Ba ya taɓa fomula sai ya tsuguna ya zana abin a ƙasa da tsinke. In an ce an jefa dutse sama da gudun mita ashirin a sakan, sai ya ja layi, ya ce to a sakan na farko gudun ya ragu da goma, a na biyu ya ƙare, nan dutsen ya tsaya, sai kuma ya juyo. Wani lokacin har ƙwallon goruba yake ɗauka ya cilla sama yana ƙirga. Tambaya ɗaya sai ta ci masa rabin awa. Yakan kai ga amsar, ba na musu, amma kafin ya kai ni na biya goma. Sannan ga tambayarsa da ba ta ƙarewa: me ya sa aka raba da biyu a nan, me ya sa nauyin dutsen bai shigo lissafin ba. Ban san me ya sa ba. Rashin sanin ne ke ba ni haushi, sai in huce a kansa.

Wata rana muna kan tambayar motar da ta taka birki, ya yi zanensa, ya yi dogon bayaninsa, ya fito da amsar da ba ita ce a littafi ba. Wajen ninkawa ya yi kuskure, ɗan ƙarami, na gani kuma. Inna tana gefe tana tankaɗe.

Na ce, "Yaya, sau biyu ka faɗi da zane-zanen nan naka. So kake ka cika uku?"

Inna ta ce in iya bakina, yayana ne. Shi kuwa ya kalli ƙasa, sannan ya sa ƙafa ya shafe zanen, ya dawo kan tabarma ya zauna.

Ya ce, "To, biya min."

Daga ranar ya zama ɗalibina. Lokacin ana ɓarar gyadar iri, damina ta matso, sai mu sa kwarya a tsakiya muna ɓara muna tilawa. In ɗauko kan tambaya, ya ƙarasa. In ce dutse ya tashi da mita ashirin a sakan, ya ce sakan huɗu ya dawo. In ce akwati kilo goma a kan gangare, ya jero layukan har ƙasa. Hadda ba ta zo masa da sauƙi ba, sai ya maimaita abu sau ashirin, amma yana da naci. Abokan aikinsa a gareji har tsokanarsa suke yi, wai yana kwance inji yana ƙunƙuni kamar mai lazimi. In tsohon halinsa ya motsa ya tambaye ni dalilin wani layi, sai in ce mai ba da maki ba ya tambayar dalili. A hankali ya daina tambaya. Na ji daɗin hakan ƙwarai, na ɗauka ci gaba ne.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya masa ba. Duk mai hadda ya san akwai wurare masu kama da juna, kalma ɗaya ce ke raba su, kuma in ba ka kula ba sai ka tsallaka daga wannan ka faɗa wancan. Ni idona ya saba da haka. In tambaya ta canza ko da kalma ɗaya ce, na san ba tawa ba ce, sai in bar ta in nemi wata. A wurina wannan ba abin faɗa ba ne, kowa ya sani. Shi kuwa wata biyu kawai ya yi yana hadda.

Ranar jarrabawar an kwana da ruwa, Baba ya fita shuka shi kaɗai. Yaya ya ari babur ya kama hanyar Ƙaraye da sassafe. Da aka raba mana takarda na ga tambayar dutsen nan, da mita ashirin ɗinta, har raina ya yi sanyi don murna. Sai na ga an ƙara wani abu: daga saman bene mai tsayin mita ashirin da biyar aka jefa shi, kuma lokacin da zai taɓa ƙasa ake nema. Na tsallake ta. Na tsallake wasu biyu da aka canza su haka. Na tattara waɗanda suka zo yadda na san su, na zuba musu abin da ke kaina, na fito.

Bayan la'asar ya dawo, ƙafar wandonsa duk taɓo, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an daɗe. Ya ce wannan karon har ya gama kafin a ce a ajiye biro. Ya zaro takardar tambayoyin daga aljihu ya miƙo min. A bayanta akwai zane da fensir: bene, da layi ya hau, da layi ya sauko.

Ya ce da ya ga dutsen, hannunsa ne ya fara zanen kafin ya ankara. Sakan biyu dutsen ya yi yana hawa, ya kai mita ashirin. A haɗa da tsayin benen, arba'in da biyar ke nan. Daga can ya faɗo, sakan uku. Biyu da uku, biyar. Har ya rubuta biyar a takardar amsa, sai ya tuna abin da na ce masa a gaban Inna, ya san zanen nan ne zai sake kai shi ƙasa. Ya soke duka, ya rubuta namu. Ya ce haka ya yi a wasu biyun ma, Allah ya taimake shi ya farga da wuri.

Ina kallon zanen yana magana. A karo na farko tun da na fara Fizik na ga dutsen yana tafiya, na ga ya wuce saman benen ya ci gaba da faɗuwa. Babu ta yadda za a yi ya zama huɗu. Yaron firamare ma in aka nuna masa zai gane.

Ya ce, "Huɗu ne dai, ko?"

Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana jiran amsata.

Na ce, "Huɗu ne, Yaya."

Daga baya na gaya wa kaina wai don kada hankalinsa ya tashi ne, tunda da sauran takardu a gabansa. Ƙarya ce. Tsoro na ji. Na kasa buɗe baki a gaban uwarmu in ce shi ne ya iya, ni ban iya komai ba, kuma na sa ya soke abin da ya iya da hannunsa. Kwana ya bi kwana, maganar tana ƙara nauyi, har ta kai ba na iya ɗaga ta.

Sakamako ya fito ana tsakiyar noma na biyu. Wani maƙwabcinmu ya duba mana a wayarsa. Na samu kiredit, na ƙarshe, wanda daga shi sai faɗuwa. Yaya ya samu matakin da ke ƙasa da nawa daidai. Maki nawa ya raba mu, ban sani ba, ba a nunawa. Na sha zama ina lissafin tambayoyin nan uku, ba sau ɗaya ba, kuma kullum amsar da ba na so nake samu.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya karɓi waya ya kira kawu. Sati bai cika ba aka sa ranar tafiya. Ni na tafi kwalejin ilimi a shekarar, shi yana can Kudu har yau, sai Babbar Sallah muke ganinsa.

Da safen da zai tafi na raka shi zaure da jakarsa. Ya tsaya ya buɗe zif ɗin gefe, ya ciro kalkuletarsa, ya goge fuskarta da bakin riga, ya ce in riƙe, zan fi shi bukatarta.

Ya ce, "Ki yafe min wahalar da na ba ki. Kin yi iya ƙoƙarinki, kaina ne ba ya ɗauka."

Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya rataya jakar, ya bi layin da ke fita tasha.